Ranar da Na Binne Jigo da Ransa

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba a Dakko ta ƙasar Bakura, ranar da na tsaya gaban 'yan mata cike da aji na yi wa wani abu jana'iza, alhali yana bayan taga yana aikinsa.

A lokacin ina shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai, aka tura ni gwajin koyarwa wata sakandaren 'yan mata a can. Tarihi na karanta, kuma son da nake masa ya yi kama da ciwo. Ni 'yar cikin garin Talata Mafara ce, mahaifina atamfa yake sayarwa, rayuwata daga gida sai makarantar kwana. Na san kogin Nilu daga tushe har bakin teku, na san kogunan Dijla da Furatu kamar ƙannena. Har waƙa na rubuta musu (tana nan a ƙasan akwati, kuma a nan za ta tsufa). Amma fadama, ko sau ɗaya ban taɓa taka ta ba. Albasa a wurina daga faifan mai talla take fitowa.

Ranar nan kwaleji ta turo Malam Garba ya duba ni. Dattijo ne mutumin Faru, mai farin gemu, ba ya dariya a aji. Sakamakon hannunsa shi ne komai: in ya kayar da kai, sai ka maimaita shekara, abokan karatunka su fita su bar ka. Ya gaisa da ni, ya zauna a bencin ƙarshe, ya ɗora takardarsa a gwiwa.

Darasin shi ne yadda koguna suka haifi manyan dauloli. Na fara da kyau, wallahi. Na ce duk inda mutum ya iya ɗaga ruwa daga kogi ya kai shi gona, a nan yake daina yawo. Ya gina rumbu, rumbu ya kawo mai gadi, mai gadi ya kawo sarki, sarki ya nemi mai rubutu. Na ga Malam Garba ya gyaɗa kai. Gyaɗa kan nan shi ya kai ni ya baro.

Na juya na zana abin da littafi ya kira shaduf: gwafa a tsaye, doguwar sanda a kanta, guga a wannan gefe, dunƙule a wancan. Sai na sassauta murya kamar mai ta'aziyya.

"Wannan," in ji ni, "shi ne hikimar mutanen Masar ta da. Da ƙarfin damtse suke jan ruwa sama da shi. Yau dubban shekaru ke nan da yashi ya rufe shi. Babu mai rai a doron ƙasa da ya taɓa ganin sa yana aiki."

(Littafin bai faɗi haka ba. Ni na ƙara, don jimlar ta yi mini daɗi a baki.)

'Yan matan suka dubi juna. Na ɗauka maganar ce ta ratsa su. Sai wata ɗaliba, Rabi, doguwa mai yawan tambaya, ta ɗaga hannu a hankali.

"Malama, wanga ba jigo na ba?"

Na yi murmushin manya. Na ce, "A'a Rabi, kama dai suka yi. Wannan na zamanin Fir'auna ne."

"To Malama, na Baba Ɗanmalam shina nan bayan aji. Shi ma na Fir'auna na?"

Wata ta toshe baki da hijabi. Wata a baya ta ce, "Ke Rabi, ki bar Malama ta ƙare binne shi mana." Dariya ta ɓalle.

Malam Garba bai yi dariya ba. Ya miƙe, ya tura tagar baya da yatsa biyu, ya ce, "Malama, zo ki gani."

Na je. Ƙasa da katangar makaranta, a bakin wani rafi, ga wani tsoho tsaye kan fagen albasa. Ga gwafa, ga doguwar sanda, ga dunƙulen laka, ga guga yana sauka yana hawa. Zanena ne sak, sai dai nasa ya fi nawa kyau. Mako uku ina tsayawa a tagar nan lokacin hutun tara, ina kallon nesa ina tunanin Nilu.

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

"Ku ɗauko littattafanku," in ji Malam Garba. "A can za a ƙarasa darasi."

Muka fita a jere, ni a gaba kamar wadda za a kai kotu. Malam ya yi sallama, suka shiga gaisuwa da tsohon: ina kwana, ina gajiya, ya ruwa, ya iyali, ya jikin tsohuwa, ya haƙuri da rana. Ban taɓa son gaisuwa ta yi tsawo ba kamar ranar. Da ta ƙare, Malam ya ce wannan malamar tarihi ce, ta ce a Masar aka san jigo.

Baba Ɗanmalam ya dube ni da fara'a. "Awo? Ashe su ma masu albasa na. Ai mun ji wurin tafsiri, mutanen Annabi Musa sun yi begen albasar can." Ya miƙo mini igiya. "Kowa ya koma injin ban ruwa, ɗiyata, ni ko wanga ba ya shan mai. Taɓa ki ji."

Na karɓa. Tunda na koya wa yara cewa sama ake ja, sai na kama ɗaga igiyar. Guga ya yi ta lilo a iska, ko ruwa bai taɓa ba.

"Ƙasa za ki ja, ɗiyata, ƙasa! Ke dai kai shi ga ruwa, laka ta san aikinta."

Na rataya da dukan nauyina na ja ƙasa. Guga ya nutse, ya cika. Don murna na saki igiyar gaba ɗaya. Dunƙulen ya faɗi tim, guga ya yi tsalle ya wuce kaina, ya juye. Rabin ruwan a kan farin hijabina, sauran a kan takalman Malam Garba.

'Yan mata suka zube a kan kunya suna riƙe ciki. Ni kuwa idona ya cika, don na riga na ga kaina ina maimaita shekara. Tsohon ya daka musu tsawa: "Kai, ku yi shiru! Wacce cikinku ta iya ranar farko?"

Malam Garba ya kakkaɓe ƙafa, ya dubi agogo. "Saura minti goma, Malama. Ajinki ne."

Ban san inda na samo murya ba. Na tsaya ina ɗiga, na tambayi yaran wa ke fara shan ruwa in gonaki da yawa suka haɗa rafi ɗaya. Nan take suka ɓarke: na sama, a'a wanda ya riga shuka, a'a sai abin da dattawa suka yanke. Rabi ta ce an taɓa yin shekara biyu babanta ba ya gaisawa da maƙwabcinsa kan datse ruwa. Na ce to, rigimar nan ita ta sa mutanen bakin Dijla suka zauna suka rubuta doka. A karon farko na ga suna rubutu ba don na ce su rubuta ba.

Bayan mako biyu sakamako ya fito. Na haye, da ƙyar. A ƙasan takardar Malam Garba ya rubuta layi ɗaya: "Ta san Masar sosai. A taimaka a nuna mata Bakura."

Yanzu shekarata huɗu ina koyarwa, kuma har yau ina son jimla mai daɗi. Sai dai kafin in sanar da aji cewa wani abu ya shuɗe daga duniya, nakan tsaya in tambaya tukuna, ko akwai wadda ta baro shi a gida da safe.