Waƙar Shekara a Bakin Aku

A wani daji da ke bayan wani ƙauye mai coci ɗaya da rijiya biyu, dabbobi ba sa lissafin watanni. Abin da suka sani shi ne, idan an gama girbi sanyi ya shigo, sai su fara jiyo ganga daga ƙauyen, mutane suna koyon waƙoƙin Kirsimeti. Daga ranar da gangar ta fara tashi ake ƙirga kwana bakwai, a rana ta takwas a fitar da waƙar shekara.

Yadda ake fitar da ita ba wuya. Akwai wani tsohon Aku a kan tsamiyar bakin tafki, inda kowa ke zuwa shan ruwa. A kwana bakwai ɗin nan ba ya cewa uffan, sauraro kawai yake yi. Da hantsin rana ta takwas sai ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne waƙar shekara. Ita za a koya wa duk 'yan tsakin da aka ƙyanƙyashe da damina, da ita za a kai amarya, da ita za a yi reno. Waƙar da ba ta taɓa fitowa daga bakin Aku ba kuwa, iyakarta ran mai ita.

Shekara goma sha ɗaya a jere ɗaliban Burtu ke cinyewa. Shi Burtu ba ya waƙa, in ya yi magana ma sai ka ce ana buga tulu. Amma yana da gidan horar da mawaƙa. Kowace shekara yakan tara 'yan kanari, ya tankaɗe ya rairaye, ya fitar da ɗaya mai sheƙin gashi. Waƙoƙin ba su da laifi. Ta bana ce dai ba a iya bambanta ta da ta bara, sai in an duba wanda ke rerawa.

Bushiya ba mai magana a taro ba ce. In ido ya yi mata yawa sai ta dunƙule. Amma tana da son sanin dalilin abu, takan yi wuni guda tana bin layin tururuwa don kawai ta ga inda ya ƙare. Raminta yana gindin wata ƙaya, a saman ƙayar kuma Gwaggo Kurciya ke zaune, tsohuwa mai wata waƙa baiti tara da ta gada wurin kakarta. Farkonta ke nan:

Ruwa ya tafi, ya bar mini sawu,
Na bi sawu, na tarar da gida.

Tun Bushiya tana ƙarama take jin ta. A bana ne ta lura Gwaggo tana tsayawa ta yi tari tsakanin baiti da baiti.

"Gwaggo, wa kika koya wa waƙar nan?" in ji Bushiya wata safiya.

"Wa zai koya? 'Ya'yana ma ta Aku suke yi. Ke dai ki ji ta yanzu da nake da sauran numfashi. Gangar baɗi ba na jin za ta same ni da murya."

"To in Aku ya faɗe ta fa?"

Gwaggo ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Ke 'yar nan, Aku ya taɓa jin ta ne?"

Tambayar nan ta hana Bushiya sakat. Saura kwana biyu ganga ta tashi, ta lallaɓa gindin tsamiya, ta yi sallama sau uku kafin Aku ya gane daga ƙasa muryar ke fitowa.

"Malam, don Allah tambaya gare ni. Yaya kake zaɓen waƙar da ta fi daɗi?"

"Zaɓe?" in ji Aku. "Wa ya ce miki zaɓe nake yi? Ni ban san daɗi ba, ban san rashinsa ba. Abin da ya fi shiga kunnena shi ke fita ta bakina. Shekara talatin ina aikin nan, ke ce ta farko da ta tambaya."

Bushiya ta yi godiya, amma ba ta koma gida ba. Ta shige ƙarƙashin wani busasshen ganye ta zauna kallo. Da rana ta ɗaga sai ga Burtu da ɗalibansa sun sauka a marken da ke jikin tsamiyar, har rassansu na taɓa juna. Nan suka yi ta maimaita waƙa ɗaya har la'asar. Ashe babu cin hanci, babu sihiri. Maƙwabtaka ce kawai.

Da ta san abin da zai biyo baya, da wataƙila ta riƙe bakinta. Amma abin ya cika mata ciki, kuma wanda ta fara haɗuwa da shi a hanya shi ne Kurege. Kurege kuwa bai taɓa jin labari ya bar shi ya kwana ba. Kafin rana ta faɗi ya kai wa gafiya, gafiya ta kai wa zomaye, zomaye suka kai wa kowa. Ranar da ganga ta tashi, gindin tsamiya ya cika da ƙananan dabbobin da ba a taɓa tambayar ra'ayinsu a kan komai ba.

Kurege ya hau kan suri ya ɗaga wutsiya.

"'Yan uwa, shekara goma sha ɗaya ana zuba mana waƙa a kunne kamar ana ɗura wa marar lafiya magani. Waye ya tambaye mu? Ke Gafiya, an tambaye ki? Kai Damo, an tambaye ka? Ba mu da reshe, ba mu da gashi mai sheƙi, amma muna da yawa, kuma kowa da bakinsa ya zo. Na yi bincike mai zurfi, na gano Aku abin da ya ji yake faɗa. To bana mu zai ji. Ku ce da ni: ba ma so!"

"Ba ma so!"

"Ba ma son ta wa?"

"Ba ma son ta Burtu!"

Bushiya ta ji tsigar jikinta ta tashi, abin da a wurinta ba ƙaramin al'amari ba ne. Ba ta damu da wanda aka ce ya yi binciken ba. Jira take a kira Gwaggo, don ta ba Kurege shawarar a yi waƙarta.

Sai Hankaka ya yi gyaran murya. "Shugaba, waƙar tsohuwar nan ta yi sanyi da yawa. Da ita za mu nuna fushi? Burtu zai ji ta ya yi barci ne. Ina da wata tawa, baiti ɗaya ce, amma duk wanda ya ji ta sai ya toshe kunne."

"To mu ma ai kunnen gare mu," in ji Gafiya.

"Ke da kike kwana a rumbun mutane, me kika sani game da waƙa?"

"Na san dai ba a kai amarya da kukan mushe!"

Kwaɗi suka ce tasu ta fi tsufa. Zomaye suka ce su ba su da waƙa, amma ba za su yarda a yi ta kwaɗi ba. Da hayaniya ta yi yawa sai Kurege ya ɗaga wutsiya ya ce, "Ba ma so!" Nan take kowa ya amsa, aka dawo tsintsiya ɗaya. Ganin haka ya sa ya naɗa kwamitin zaɓen waƙa, ya ce kafin kwamiti ya gama aiki a ci gaba da abin da aka yarda da shi.

A rana ta uku Burtu ya sauko da kansa, yana tafiyarsa ta ƙasaita. Ya tsaya ya karkata kai ya saurari amshin da ke tashi daga can baya, ya ɗaga ido ya dubi Aku na ɗan lokaci, sannan ya yi magana.

"Jama'a, sannunku da ƙoƙari. Ni ban zo faɗa ba. Dajin nan namu ne duka, kuma abin farin ciki ne a ce matasa sun damu da waƙa haka. In na yi kuskure a baya, ku yafe mini. Don kada a ce na tsare muku wuri, yau zan kwashe ɗalibaina mu koma hayin tafki. Shawara ɗaya kawai zan ba ku a matsayina na tsoho a sana'ar: na bayan nan ba sa buɗe baki sosai. Ku ƙara murya."

Ya juya ya tafi. Aka ɗauki Kurege a kafaɗa ana cewa Burtu ya gudu.

Bushiya kaɗai ce ba ta yi tsalle ba. Me zai sa wanda ake zagi ya ce a ƙara murya? Ta koma ƙarƙashin ganyenta, ta daina kallon taro, ta koma kallon Aku. Kwana biyu tana kallonsa. Idonsa a lumshe yake, bakinsa a rufe, amma ta lura maƙogwaronsa na motsi. Ba ya motsi lokacin da Hankaka ke gwada tasa, ba ya motsi lokacin kwaɗi. Sai an ce "ba ma so" yake hawa ya sauka, sau uku, daidai da amshi.

Ta ratsa tsakanin ƙafafu har ta isa gindin suri.

"Yaya Kurege, ina da magana."

"Faɗi da ƙarfi, ƙanwata, nan fagen 'yanci ne."

Idanu suka juyo kanta. Ta ji bayanta na son naɗewa, ta danne.

"Kwana biyar ke nan ba mu rera waƙa ko ɗaya har ƙarshe ba. Aku abin da ya fi ji yake faɗa. Me ya fi ji?"

"Muryar talakawa!" in ji Kurege. Taro ya ɗauki tafi.

"A'a, ina nufin..."

"Burtu ne ya aiko ta," in ji Hankaka. "Ku dubi yadda take magana ƙasa-ƙasa."

Nan Bushiya ta dunƙule. Wani ya ɗan gangara da ita gefe da ƙafa, ba da mugunta ba, don dai ta tsare hanya.

Kwamiti ya kammala aiki da la'asar ɗin rana ta bakwai. Aka ce don a girmama tsofaffi, Gwaggo Kurciya ce za ta rufe taro. Bushiya ta rako ta, tana tafe a ƙasa, Gwaggo na tashi tana hutawa daga reshe zuwa reshe. Ta sauka kan suri ta fara. A baitin farko gindin tsamiya ya yi shiru irin wanda ba a ji ba tun da ganga ta tashi. Gafiya ta sunkuyar da kai. Wani tsohon damo ya ce a hankali, "Uwata tana yin wannan." A ƙarshen baiti na biyu tari ya kama Gwaggo. Kurege ya ga bai kamata a bar tsohuwa cikin kunya ba, sai ya ɗaga wutsiya don a ƙarfafa mata gwiwa. Aka yi ta ƙarfafa mata gwiwa har rana ta faɗi.

Da hantsin rana ta takwas duk daji ya hallara. Aku ya karkaɗe fiffike, ya buɗe baki, sai ga muryar Kurege sak, har da ɗan shaƙewar da ya yi a rana ta shida:

"Ba ma so! Ba ma so! Ba ma son ta Burtu!"

Sannan wani zomo ya ce, "Mun ci!" Daji ya kaure da guɗa.

Burtu ne ya fara zuwa taya murna. Ya ce bai taɓa ganin nasara mai tsabta irin wannan ba. Ya ce abu ɗaya ne ya rage: 'yan tsaki ba sa iya koyon ihu, sai an sa masa karin waƙa, kuma in kwamiti ba shi da malamai, gidansa a shirye yake ya taimaka don kishin daji. Kwamiti ba shi da malamai. Cikin mako guda kanarin bana ya fito da ita da zaƙin murya, da 'yar rawar kafaɗa a wurin sunan maigidansa. Da damina ta faɗi, da ita aka yi ta kai amare ɗakunan mazajensu, da ita iyaye ke lallashin jarirai su ci abinci.

Bushiya ba ta je bikin nasara ba. Ta zauna gindin ƙaya ta ce, "Gwaggo, ki koya mini."

"Ke? Da wannan muryar taki kamar ana jan kara a yashi?"

"Ita gare ni."

"To matso. Kuma ban da dunƙulewa in na yi miki faɗa."

Kullum da safe suke yi, baiti ɗaya sai ya ci mako biyu, saboda tari da kuma saboda muryar. Sun kai na huɗu, sun shiga na biyar da layi ɗaya, muryar Gwaggo ta ɗauke. Ta ƙara wata guda tana buɗe baki ba abin da ke fita, kafin ruwan farko ta rasu. Bushiya takan rera huɗun da layin nan guda idan tana tonon ƙwari. In ta zo inda aka tsaya sai ta ɗan jira, tana tunanin ko me mai bin sawun ya tarar bayan nan, sannan ta koma farko.

Da sanyi ya sake shigowa Kurege ya aiko mata da goron gayyata. Ya ce waƙar bara ta zama ta Burtu, don haka za a fito a yaƙe ta, kuma za a karrama Bushiya a gaban jama'a, ba sai ta ce komai ba. Kwamiti bai tsayar da taken bana ba tukuna, amma Burtu ya riga ya sa an share musu gindin tsamiya.