Kibiyar Masu Girma Ta Yi Ja

Jiya na bar aikina na tafi taron asusun ajiyar ma'aikata. Awa uku na yi a kan benci mai gurguwar ƙafa ina jiran masu girma su gama shan shayi. Shekara goma sha tara ana yankar albashina ana zubawa a asusun nan, kuma buƙatata ɗaya ce: a ba ni rabona in yi wa ɗakin yara rufi kafin ruwa ya sauko.

Da Ranka-ya-daɗe Shugaba ya iso, sai ya gabatar da wani masani mai kwat, aka haska bango da zane-zane. Masanin ya ce suna da kibiya. In ta yi kore, a kwashi kuɗinmu a sayi hannun jari. In ta yi ja, a sayar.

Maƙwabcina mai walda ya zungure ni. "Malam, wannan ba fitilar kan titi ba ce?"

Na ce, "Rufa mana baki. Ita ta titi kyauta take canza launi."

Ni ban yi boko mai zurfi ba, a tsofaffin jaridu na ƙarasa koyon karatu. Amma in zan sayi kaza, sai na duba ƙwai nawa za ta yi kafin ta mayar mini da kuɗina. Na ɗaga hannu na tambayi masani: kamfanonin da kuka saya, ribar shekara nawa za ta biya farashinsu?

"Arba'in," in ji shi. "Amma lokacin kibiya kore ce."

"Ranar da kuka sayar fa?"

"Tara. Ta yi ja."

Wato sun sayi kaza ranar da kowa ke rububinta, suka sayar ranar da ta yi araha. Allah ya ƙara basira!

Sai sakatare ya yi suɓul da baka: duk sanda kibiya ta canza launi, kwamiti kan zauna a otal, a raba kuɗin zama. Bana sun zauna sau ashirin da shida. Ban taɓa ganin kibiya mai tausayin iyalan manya irin wannan ba. A gidanmu cin amana ake kiran wannan, ko da an haska shi a bango.

Na bi Shugaba har bakin mota. "Ranka ya daɗe, rabona nake so. Rufi zan yi."

Ya dafa kafaɗata. "Haba baba, yanzu? Kibiya tana gab da yin kore!"

"Hadari ba ya duba kibiya, yallaɓai."

"To, sai kwamiti ya zauna a kan takardarka. Kuɗin zaman kuwa daga rabon mai buƙata ake cirewa."

Ina shiga gida uwar yara ta tare ni. "Kwanon rufi nawa muka samu?"

Na ce ta je ta sayo bokiti huɗu na tarar yoyo tun suna da araha, kuma kada ta gaya wa kowa. In kwamiti ya ji, zai jira su yi tsada sannan ya saya mana.