Yaƙin Injiniya Haliru da Tukunyar Gas

Da sunan Mai juya zamani, wanda Ya raba wa bayinSa rana da inuwa, Ya bai wa wasu wuta, Ya bai wa wasu takardar shaidar sanin wuta. Wannan shi ne tarihin Injiniya Haliru ɗan Sanda, jikan Gagare Sarkin Maƙera, wanda aka ce yana ɗaukar jan ƙarfe daga wuta da tafin hannu idan awartaki ya yi masa nisa. Haliru fitilar dangi, mai digiri uku a fannin makamashi, wanda ya haye teku ya sauka a wani gari na arewacin Ingila, ya kafa daularsa a hawa na biyu, ɗaki biyu da falo.

A shekarar annoba ne abin ya faru, lokacin da aka kulle gari, aka rufe filayen jirgi, kowa ya ɗaure baki da takunkumi. Matarsa Zulai ta haifi ɗa namiji a tsakiyar sanyi, aka sa masa sunan kakansa Sanda. Mahaifiyarta, Hajiya Yalwa, ta riga ta iso tun kafin kulle, da jakar busasshen ganyen wanka da kanwa da yaji, da niyyar yi wa 'yarta wankan jego na kwana arba'in ba fashi. Hajiya mace ce mai kunyar suruki. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. In tana da saƙo, sai ta faɗa wa Zulai ko jariri, da muryar da za ta kai falo.

Ranar da jego ya kwana goma sha ɗaya, da sassafe, tukunyar gas da ke maƙale a bangon kicin, wadda ke ɗumama ɗakuna tana kuma dafa ruwan famfo, ta yi tari sau biyu ta mutu. Waje kuwa dusar ƙanƙara ta lulluɓe motoci. Kafin hantsi numfashin mutum ya fara fita fari a cikin falo, jariri ya soma atishawa, a zamanin da atishawa ɗaya ke iya tada hankalin unguwa.

Zulai ta kira mai gidan haya. Ya ba da haƙuri, ya ce masu gyaransa rabi suna kwance, rabi suna killace, sai nan da kwana huɗu. Hajiya ta dubi jariri ta ce, "Angona, ashe a gidan injiniya ma sai an jira ɗan gyara."

Kalmar nan ta shiga kunnen Haliru kamar tambarin yaƙi. Ya miƙe da azama, ya sa rigar sanyi a kan rigar sanyi, ya ja hula har gira, ya zura safa biyu, ya ɗaura tawul a wuya, ya fito da akwatin makamansa wanda tun da aka saye shi ba a taɓa cire masa leda ba. Zulai ta roƙe shi da ya bari, ta tuna masa cewa abin na gas ne, kuma mai gida ya hana a buɗe. Ya amsa mata da cewa shekara goma sha ɗaya ya yi yana karantar zafi, ya san sunansa da harsuna biyu, ba zai tsaya wani mai sifana ya koya masa ba. Sannan ya tsaya gaban tukunyar ya yi wa kansa kirari a hankali, don kada jariri ya farka: "Sai ni Haliru, garwashin Gagare, mai sa ƙanƙara gumi."

Gwabzawar farko ta ɗauki yini guda. Ya danna kowane maɓalli, ya danna su bibbiyu, ya kashe ya kunna, ya buga mata tafin hannu a kwiɓi. Tukunya ta ƙyafta masa jan ido ɗaya ta yi shiru. Rana ta biyu ya shigo da mayaƙan nesa: ya kalli bidiyo goma sha bakwai a waya, ya zana taswirar bututu a bayan kwalin madara, sannan ya cire murfin abokiyar gaba, ya kutsa cikin hanjinta da sukundireba, ya ciro abin da ya ga dama, ya busa, ya mayar. Da ya rufe, sai ga noti uku da wata 'yar roba baƙa a kan tebur, ba su da masauki. Ya dube su da idon basira, ya yanke hukuncin cewa masu ƙera ta ne suka yi almubazzaranci, ya zuba su a aljihu. Daga nan ko jan idon ma tukunya ta daina ƙyaftawa.

Duk wannan lokaci Hajiya Yalwa ba ta fasa wanka ko sau ɗaya ba. Ta ɗora manyan tukwane biyu a murhun lantarki, ta haɗa da buta, tana jigilar tafasasshen ruwa zuwa banɗaki da hannunta, mace mai shekara sittin da huɗu da ciwon gwiwa. Ta toshe ƙasan ƙofofi da zannuwa, ta cika kwalabe da ruwan zafi ta naɗe su a tawul ta jera gefen jariri. Tarihi bai rubuta mata kirari ba, domin babu wanda ya ji ta yi.

A rana ta uku jarumi ya koma ga sunnar kakanni. Ya sauka shagon kusurwa, ya tsaya a layi taku biyu tsakaninsa da na gaba, ya dawo da buhun gawayin gashin nama. Ya zuba a babban kwanon wanke-wanke, ya girke a tsakiyar falo, tagogi a rufe, ya durƙusa yana fifita da murfin tukunya, fuskarsa na haske da farin cikin fatahi. Wuta ta kama. Hayaƙi ya tashi ya gai da silin, ƙararrawar hayaƙi ta tsage da ihu, ta maƙwabta ta amsa. Zulai ta sunkuci jariri ta yi waje ba takalmi, ta tsaya a matakala cikin sanyi tana tari, hawaye na zuba. Hajiya ta zo da ruwan da ta tafasa don wanka ta sheƙa wa garwashin gaba ɗaya, ta bubbuɗe tagogi, sauran ɗumin da ta tara kwana uku ya fice.

Maƙwabta suka leƙo ta ƙofofinsu, idanu kawai a saman takunkumi. Zulai ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baban Sanda, in ka kashe mu, wa za ka nuna wa ka iya?" Mai digiri uku ya ɗauki kwanon jiƙaƙƙen gawayi ya fita da shi.

Ranar alkawari mai gyara ta iso, wata mace gajera mai furfura, da takunkumi da 'yar jaka. Ta sa kowa ya koma ƙarshen falo. Ta leƙa ƙarƙashin tukunya, ta nuna wani ɗan famfo da bai kai babban yatsa ba, ta ce ruwan ciki ne ya yi ƙasa, da an murɗa wannan an ƙirga goma, da tuni an wuce wurin; an ma zana shi a jikin murfin. Sai ta buɗe cikin, ta daɗe tana kallo, ta tambaya ko wani ya taɓa. Haliru ya sa hannu a aljihu ya miƙa mata noti uku da 'yar roba. Ta ce abin da ya fasa sai an yi odarsa, kuma da yanayin kulle, kwana tara. Ta rufe gas ɗin, ta ara musu ƙaramar hita ta lantarki saboda jariri, ta tafi.

Hita ta shiga ɗakin mai jego. Jigilar ruwa kuwa ta koma hannun Injiniya, buta goma sha huɗu da safe, goma sha huɗu da la'asar. Yana cikin jigilar buta ta tara ne wata safiya yayansa ya kira daga gida, yana tambayar yadda suke fama da sanyin Turai. Haliru ya maƙale waya a kafaɗa, tururi na dukan fuskarsa, ya ce ai lafiya lau, nan komai inji ne ke yi.

Daga banɗaki muryar Hajiya ta taso. "Zulai, a gaya wa injin cewa ruwan ya huce."