Sabon Lale a Bakin Kwalbatinmu

Jama'a, ina gajiya, ina gida, ya muka ji da zafi? Ku matso ku ji abin da layin mai ya jawo mini.

Ran nan na ci ado, na ɗaura ɗankwalina na fita kunya, zan tafi barkar haihuwa Ƙofar Sauri. Jikana Bashir, wanda nake kira maigida, shi ya ɗauke ni a babur ɗinsa na acaɓa. Ba mu yi wani nisa ba babur ya yi tari, ya sake yin tari, sannan ya yi tsit kamar ɗan takara bayan an gama zaɓe.

Na ce, "Maigida, mi ya faru?"

Ya ce, "Amarya, mai ne ya ƙare."

Na ce, "Allah wadaran mijin da zai ɗauko amarya da busasshen tanki."

Haka muka tura shi, yana gaba ina biye da ƙullin kayan barka, har wani gidan mai wajen Ƙofar Kaura. Layin da muka tarar, wanda ke wutsiyarsa bai ma san ko gidan mai ne a gaba ko gidan biki ba. Da ma an yi mana albishir a rediyo cewa wahalar mai ta zama tarihi. Gaskiya suka faɗa, Allah ya saka masu. Tarihi ai shi ne abin da ake maimaitawa kullum don kada yara su manta.

A layin muka iske Victor mai gyaran waya, ɗan maƙwabciyata Talatu. Ya kwanto tankin janareta ya ɗoro a kai kamar mai tallar fura, don an ce ba a sayarwa a jarka. Shi da Bashir tare suka tashi, tare suka ci dukana. Ko gaisawa ba su gama ba suka sarƙe da gardama.

Victor ya ce, "Ya mutu, malam. A gaban idona ya cika. Ka haƙura kawai."

Bashir ya ce, "Ba ka san komai ba. Ka ga gawarsa? In dai ba a nuna gawa ba, yana nan tafe."

Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ɗan gidan wa? Aka yi rasuwa a unguwa ba wanda ya gaya mini?"

Victor ya yi dariya har tanki ya kusa suɓuce masa. Ya ce, "Kaka, jarumin fim ne. Wannan ma mutuwarsa ta uku ke nan."

Tun da layi ba ya motsi, na shimfiɗa gefen mayafina na zauna, na ce su karanta mini. Ashe wasu jarumai ne na finafinan Turawa, masu tashi sama ba fiffike, da kaya matsattsu kamar an shafa masu fenti, da wani ƙyalle a baya kamar zanen goyo ba jariri. Kowane jarumi da kamfanin da ya mallake shi, yadda mutum ke mallakar sa a turke. Shi wannan da suke wa makoki, in kamfani ya ga kasuwarsa ta yi sanyi, sai a binne shi, a ɗauko wani saurayi mai sabuwar fuska, a sake labarin daga farko. A sake haihuwarsa, ya sake zama maraya, ya sake koyon tashi. Kafin ya kai inda zai ceci garin gaba ɗaya, an sake sabon lale.

Bashir ya ce, "Babban burinmu, Amarya, a haɗa mai ɗaga dutse da ɗan yatsa da mai shanye kogi a fim ɗaya. Ranar duniya za ta tsaya."

Na ce, "To mi ya hana? Gaba suke yi?"

Victor ya ce, "Aminai ne ma. Amma wannan na wani kamfani ne, wancan na wani. Haƙƙin mallaka. Ko gaisawa ba za su yi ba sai lauyoyi sun yarda."

Can na ce, "Yara, ai na san fim ɗin nan. A bakin lungunmu ake yin sa."

Ga waɗanda ba su san lungunmu na Kambarawa ba, akwai wani kwalbati a bakinsa da ya rufta tun Bashir bai fara gemu ba. In an yi ruwan sama, maimakon ruwa ya wuce ta ƙasa ya tafi babban lambatu, sai ya juyo ya doki katangar ɗakin Talatu. Talatu daga kudancin Kaduna ta zo da mijinta, marigayi Malam Bitrus, malamin makaranta, kuma shi ya gina ɗakin da guminsa. Shinkafar Kirsimetinta ba ta taɓa wuce ƙofata ba, naman layyata bai taɓa wuce tata ba. Daminar bara katangar ta tsage, tsagar da hannu ke shiga. Magini ya duba ya ce in ta sake shan irin wannan dukan, sai dai a kwashe ƙasa. Ga shi sama ta fara haɗa gira.

Kada ku ce manya sun manta da mu, kada ku ɗauki alhakinsu. Sau uku ana ƙaddamar da gyaran kwalbatin nan. Kowane zuwa da rumfa, da maroƙa, da sabuwar fuska a ƙarƙashin doguwar hula, da sabon allon ƙarfe mai hoto. Jawabin ma ba ya canzawa, har na haddace shi kamar karatun allo. Kwalbatinmu an sake haihuwarsa sau uku, ya zama maraya sau uku, har yau bai koyi tashi ba.

Batun haƙƙin mallaka kuwa, mu za a tambaya. Ofisoshi biyu ne ke da kwalbatin. Zan kira ɗaya Gobe-ka-dawo, ɗayan Oga-na-mitin, don abin da ake gaishe mu da shi ke nan a ƙofofinsu. Gobe-ka-dawo suka ce hanyar da ke sama tasu ce, amma ruwan da ke ƙasa ba su san shi ba. Oga-na-mitin suka ce ruwan nasu ne, amma ba su da hurumin taɓa hanya. Da muka gaji, mazan unguwa suka fito aikin gayya da shebur da diga. Ba su cika baro ɗaya ba sai ga wani mai kati rataye a wuya, ya ce a dakata, ba a haƙa kayan hukuma ba izini. Wato rushewar tamu ce, gyaran ne ke da mai shi.

Na dubi yaran na ce, "To su kamfanonin nan, mi ke sa su fito da jarumi in sun ɓoye shi?"

Victor ya ce, "Kishi, Kaka. Da sun ji ƙishin-ƙishin abokin hamayya zai riga su, ko barci ba sa yi."

Bashir ya ce, "Wani lokaci ma mu masoya ke haddasa shi. Wani ya rubuta hasashensa a waya, wani ya ƙara gishiri, kafin ka ce kwabo kamfani ya rikice."

Na ce, "Uhm." Na ƙulle wannan a bakin zane.

Ba mu samu mai ba sai da rana ta karya. Na isa gidan barka tuwo ya huce, jaririya ta yi barci. Amma Allah ya haɗa ni da Zainab, wadda mijinta ke tuƙa babban mutumin Gobe-ka-dawo. Yarinyar kirki ce, sai dai magana a bakinta kamar ruwa a rariya. Ni fa ban yi ƙarya ba, da girmana. Tambaya kawai na yi.

Na ce, "Zainabu, ke da ke kusa da manya, wai da gaske ne su Oga-na-mitin za su gyara kwalbatinmu su kafa hoton ogansu, a ce naku ya kasa?"

Ta zaro ido ta ce, "Goggo, wa ya gaya maki?"

Na ce, "A'a, ni da nake tambaya?"

Da na koma gida na ba Talatu labari, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ranar Lahadi, a taron zumuntar mata na cocinsu, ita ma ta yi wa wata da mijinta ke aiki a Oga-na-mitin irin wannan tambayar, ta juya sunayen kawai.

Jama'a, ashe manya na iya sauri! Ba a jima ba, wata safiya muka ji rurin manyan motoci biyu, ɗaya ta gabas ɗaya ta yamma. Mata muka leƙo muna guɗa, mun ɗauka siminti ne da rodi. Aka fara sauke kaya: rumfuna, kujerun roba, lasifika, da alluna biyu na ƙarfe, kowane ya fi ƙofar zaure faɗi. Masu kafawa suna ta sauri kada wancan ɓangaren ya riga su, ramin da suka tona bai kai na dashen albasa ba.

Sai ga ogan Gobe-ka-dawo, Mai Girma Sarkin Almakashi, ya sauko daga mota ta nan, na Oga-na-mitin kuma, Ranka-ya-daɗe Garkuwan Alkawari, ya sauko ta can. Mutanen da ko a ɗaurin aure ba sa zama tabarma ɗaya.

Bashir ya damƙi hannun Victor yana tsalle. "Haɗakar ta tabbata! Ban gaya maka ba?"

Victor ya ce, "Tsaya tukuna. Wa zai fara magana? Shi ne jarumin, ɗayan mai taya shi ne."

Ai kuwa ba wanda ya yarda ya zama mai tayawa. Tare suka yi jawabi, kowa da lasifikarsa, muka ji rabin alkawarin wannan a haɗe da rabin na wancan. Ƙyallen da za a yanka ɗaya ne, almakashi biyu. Wannan ya yanka ta bakin nan, wancan ta bakin can, tsakiyar ta faɗa cikin kwata. Aka tafa, aka ɗauki hoto, aka naɗe rumfa. Ko cokali ɗaya na siminti ba a bar mana ba. Taron tsintsiya, ba shara.

Victor ya sosa ƙeya ya ce, "Kaka, wannan tallar ce kawai. Fim ɗin na nan fitowa."

Ni kuwa idona na kan uwarsa. Talatu na tsaye jikin katangarta, ta sa hannu cikin tsagar. Duk rahar nan tata ta tafi.

Ta ce, "Binta, ki ba ni gefen ɗakinki in ajiye gado da hoton Malam. Ba na so ƙasa ta rufe su."

Na ce, "Ɗakina naki ne." Muka kwashe kayan tare. A raina na ce, tsohuwa, kin tara manya kin tara alluna, ba ki tare ko ɗigon ruwa ba.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Iska ta riga ruwa isowa. Muka ji ƙara, garam, garam! Na leƙa, sai ga allunan nan, sababbi biyu da tsofaffi uku da tsatsa ta cinye wa ƙafa, duk sun yi sujada a tsakiyar hanya.

Talatu ce ta fara magana. Ta ce, "Victor! Bashir! Ku kwashe su daga hanya kada babur ya taka. Ku jingine mini su nan."

Ta nuna gindin katangarta. Yaran suka dubi juna, suka gane. Nan da nan mazan lungu suka fito, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aka jera allunan a karkace, bakin wannan a kan na wancan, aka tokare bayansu da duwatsu da buhunan yashi da muka ɗinka tun bara. Ana ɗora buhun ƙarshe sama ta ɓalle.

Muka tsaya a zaurena muna kallo. Ruwa ya taho da fushinsa kamar kullum, ya nufi katanga, ya ci karo da fuskar Sarkin Almakashi. Ya zame ya faɗa kan Garkuwan Alkawari, shi kuma ya miƙa shi ga magabatansa uku, ɗaya bayan ɗaya, har suka raka shi babban lambatu. Aka kwashe lokaci ana zuba. Da aka ɗauke, Talatu ta je ta shafa katanga. Gindinta a bushe.

Ta juyo tana dariya da hawaye tare, ta ce, "Binta, a dawo mini da gadona."

Bashir ya ce, "Ka gani ko, Victor? Jarumai biyar a fim ɗaya, ba lauya ko ɗaya!"

Mai kati a wuya ya zo washegari. Na tare shi da gaisuwa har da tambayar iyali, sannan na ce, "Ɗana, ba mu haƙa hanya ba, ba mu taɓa ruwa ba. Iska ta kayar da manya, muka tashe su muka jingine su a inuwa. Ko laifi ne?" Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce zai je ya gaya wa oga, in ya fito daga mitin.

Don haka masu cewa manyanmu ba sa tare wa talaka komai, ku ji tsoron Allah. Ni shaida ce, da fuskokinsu suka tare mana.

Roƙona ɗaya ne. Akwai sauran katanga ta wajen kicin ɗin Talatu da ba ta samu rufi ba, kuma na ji an ce zaɓe ya ƙarato, za a sake sabon lale. Ranku ya daɗe, in za a kawo allon, a ƙara masa faɗi, a sa ƙarfe mai kauri. Hoton kuwa a zaɓi wanda ake murmushi. Mun lura ruwa ya fi saurin zamewa a kansa.