Rasuwar Na'urar Ghissa a Cikin Jiƙaƙƙen Buhu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da har yanzu hayaƙin roba bai sake su ba, Ghissa ɗan Amastan maƙeri, na bayan kasuwar Arlit, yana sanar da ƴan uwa da abokan arziki, na nan da na Akokan da na Agadas, rasuwar na'urarsa ta zane da wuta, wadda ake kira lazer. Rai ya yi halinsa jiya Talata da ƙarfe ɗaya na rana, bayan gajeruwar rashin lafiya wadda mai ita ya ɗora mata da hannunsa.

Marigayiya ta iso garin nan wata biyar da suka wuce, ta hanyar Asamaka, cikin kwali, a bayan kamyo, wato babbar mota, mai ɗauke da taliya. Kanta bai fi gwangwanin sardin ba, amma ba a taɓa jin ta ce ta gaji ba. Abin da aka nuna mata a ordinater, wato kwamfuta, shi take zanawa a itace ko fata da ɗan shuɗin haskenta, tana tafe tana zzzt, zzzt, ƴar fankarta tana fiii. Ba ta gulma, ba ta neman shayi. Duk duniya abu ɗaya ta roƙa, wato iska. Takardar da ta zo da ita ta faɗi haka da Faransanci, har da hoto saboda masu ƙyuyar karatu. Ghissa ya ƙunshe sukari da takardar.

Tun ranar da ta sauka kansa ya fi rawaninsa girma. Ya tsaya a ƙofar maƙerar mahaifinsa, inda tsohon ya shekara arba'in yana yi wa cokulan itace ado da ƙarfen da aka gasa a wuta, ya ce zamanin hura gawayi ya wuce. Da aka sa ranar auren ƙanwarsa Mina, ya bugi ƙirji gaban dangi cewa cokula sittin ɗin da za a raba wa baƙi shi zai zana su, kowanne da sunan amarya da na ango Zayyadu, tsoho ya je ya huta. Amastan ya miƙa masa cokulan, ya ci gaba da abin da yake yi.

Ciwon ajali ya samo asali ne daga son a sani. Ghissa yana ɗaukar aikin a salula yana tura wa jama'a, sai ya ga kukan fanka yana ɓata masa bidiyo. Ya sa almakashi ya datse wayarta. A watan Mayu fa, a ɗakin kwano, a garin da ko ƙadangare ba ya taka ƙasa da tsakar rana! Da ya taɓa marigayiya ya ji ta kamar butar shayi, sai hikima ta motsa. Duk ɗan Arlit ya san yadda ake sanyaya ruwa: a ɗinke bido, wato jarkar ruwa, cikin buhu, a jiƙa, a rataye a gefen mota iska ta buga. Haka ya yi wa baiwar Allah. Ya naɗe ta tsaf da jiƙaƙƙen buhu, ya toshe duk kafofin da take numfashi, ya ja ƙofa kada iska ta busar da buhun da wuri, ya tafi shan shayi. Shayin garin nan kuwa ba a tashi sai an sha na uku.

Kafin a sauke na farko buhu ya bushe ya koma bargo. Maƙwabta sun ce sun ji tsss, sannan tas, sannan shiru. Tana kan cokali na goma sha bakwai. Ta rubuta Mina, ta fara sunan ango, ta tsaya a kan Za.

Almu mai gyaran rediyo, mutumin Tawa, shi aka kira ya duba gawa. Ya kwance buhu, ya sansana, ya ce ko injinan izin, wato masana'anta, da suka fi ɗaki girma ba a raba su da fanka, balle wannan ƴar mitsila. Ghissa dai har yanzu yana kan bakansa cewa marigayiya ragguwa ce, ƴar ƙasar sanyi, ba ta da jinin Arlit. Mu da muke rubuta masa wannan sanarwa mun ga almakashin.

Ta rasu ta bar fanka ɗaya, lafiyarta ƙalau, da koren tabarau na kare ido daga haskenta, da cokula arba'in da uku farare fat, da guda mai rabin ango. Ta kuma bar Mina, wadda za a ɗaura aurenta ranar Asabar, wadda tun jiya ba ta yi wa yayanta magana sai ta bakin mahaifiyarsu. Wata na'urar ko yau aka aika a sayo, sai ta yi wata guda a hanya.

Da la'asar ɗin jiya Ghissa ya kwashi cokulan a kwando, ya bi ta lungu don kada a gan shi, ya durƙusa a maƙera. Tsohon ya bar shi a durƙushe har ya gama wasa wuƙar wani makiyayi, sannan ya ce zai zana, bisa sharaɗi.

Za a yi jana'iza yau Laraba bayan la'asar, a shagon Almu, cikin kwalin tarkace inda sauran ƴan uwanta suke kwance. Zaman makoki na kwana uku ne, a maƙerar Amastan da ke bakin titi, daga hantsi zuwa magariba. Masu ta'aziyya za su tarar da Ghissa zaune a ƙasa yana zuga wa mahaifinsa wuta. Ana roƙon jama'a su gaishe shi daga tsaye, kada a miƙa masa hannu, don duka biyun suna kan zuga-zugi, kuma tsohon ya rantse in wutar ta lafa ko sau ɗaya, ranar Asabar gaban baƙi zai faɗi wanda ya zana cokulan.