Jan Ɗigon Maƙwabciyata Glenys

Talatar makon jiya na tashi da niyyar tsallaka kogi in kai wa likita gwiwata ta hagu, wadda ta fara yi mini gardama tun da na ajiye jakar gidan waya na yi ritaya. Bakwai da rabi na isa mashigar jirgin fito, na tarar layi ya fita daga rumfa, ya zagaye shagon mai soya kifi da dankali, ya doshi wurin ajiye motoci. Jirgi ga shi nan a bakin ruwa lafiyarsa ƙalau, matuƙi yana zaune yana kurɓar kofi. Wai kwamfutar tikiti ce ta ɗauke. Na miƙa wa matar da ke tsaron ƙofa dala shida, na ce ta karɓa ta bar ni in wuce. Ta ce ai tun bara aka hana su taɓa tsabar kuɗi, saboda an zamanantar da mu. Awa biyu muka yi a tsaye ana zamanantar da mu, likita kuwa bai jira ni ba.

Na dawo gida ina cika ina batsewa, na zauna jiran maƙwabciyata Glenys Tuckwell. Ita ce shugabar sashen fasaha a kamfanin jiragen nan da ke numfashi da harajinmu, shekara tara tana kan kujerar. Da yamma ina jin ƙarar motarta na ɗingisa zuwa shinge, na shirya in wanke ta tas.

“Glenys, wace irin tsohuwar tukunya kuka ɗora mana kuke kira kwamfuta?”

“Merv, don Allah ka ƙyale ni,” in ji ta. “Ranar Juma’a za a yanke ko a sabunta mini kwantiragi ko a nuna mini ƙofa. Shekarata hamsin da takwas. Kai a ganinka wa zai ɗauke ni?”

Nan take na haɗiye faɗan da na shirya. Na ce ta zagayo, matata Noeleen ta ɗora ruwan shayi, muka zauna a baranda ta kwance mana jakar.

Kun dai san kamfanin yana da Mai Girma Babban Shugaba, Uban Hangen Nesa, Jagoran Gobe da Jibi. Mutum ne mai sauƙin kai, ya hana kowa ya kira shi da muƙami, ya ce duk iyali ɗaya ne. Ranar da ya kama aiki shekara uku da suka wuce ya kira Glenys ya zayyana mata abin da yake bukata daga shugabar fasaha. Kada ta kawo masa matsala, mafita kawai yake so. Kada ta dame shi da zancen wayoyi da injuna, ta yi masa magana irin ta ’yan kasuwa. Ta rage kashe kuɗi, ta ƙara sauri, ta kuma taya shi mafarki. Mafarkin nan ba ya ƙarewa, don duk taron manya da ya je a birnin Sidni sai ya dawo da sabo. Na baya-bayan nan shi ne ƙirƙirarriyar basira da za ta riƙa gaishe da kowane fasinja da sunansa, ta tambaye shi ya karensa. Sharaɗi na ƙarshe, wanda ya fi ji da shi, komai za a gaya masa ya shiga shafi ɗaya.

To shafi ɗayan nan shi ne tushen rigimar. Kowane wata shugabannin sassa suna jera ayyukansu, su sa ɗigo a gefen kowanne. Kore, komai lafiya. Ruwan ɗorawa, a sa ido. Ja, gida na ci da wuta. Kwamfutar tikiti shekararta goma sha tara, injiniyan da ya haɗa ta ya riga mu gidan gaskiya, kamfanin da ya ƙera ta ma ya rufe. Wata goma sha huɗu a jere Glenys tana ɗora mata jan ɗigo.

“To me yake cewa?” Noeleen ta tambaya.

“Sai ya dubi takardar ya gyaɗa kai, ya ce, ‘Madalla Glenys, haka nake son aiki, babu hayaniya.’ In na buɗe baki zan ƙara bayani, sai ya ɗaga hannu, ‘Shafi ɗaya, Glenys, na riga na karanta.’ Ni kuma na ɗauka mutumin ƙarfin hali gare shi, yana ganin ja ko gezau.”

Da kwamfuta ta mutu ranar Talata, Mai Girma ya aika aka kira ta. Ya tare ta da fuskar wanda aka ci amanarsa, ya ce me ya sa ba ta taɓa gaya masa ba. Ta buɗe kwamfutarta ta hannu ta jera masa jajayen ɗigo goma sha huɗu. Shi ma ya jawo aljihun tebur ya fito da nasa takardun, goma sha huɗu cif, a jere, ko ɗaya bai yar ba. Ta duba. Kowane ɗigo a kowane shafi ruwan toka ne, daga sama har ƙasa.

Ashe Jagoran Gobe da Jibi ba ya karatu a fuskar kwamfuta, wai tana sa masa ciwon kai, sakatare ne yake buga masa komai a takarda. Kuma shekara biyu da suka wuce shi da kansa ya sa hannu a dokar hana buga takarda mai launi a duk kamfanin, don tsimi. Har lambar yabo aka ba shi a kan dokar, tana nan rataye a bayan kujerarsa.

Na buga cinya na ce, “To ai shi ke nan! Gaskiya ta fito, kin wanku.”

Glenys ta dube ni kamar na zubar mata da shayi. “Merv, shekara talatin ka yi a gidan waya, ba ka koyi komai ba? Buɗar bakinsa sai ya ce, ‘Glenys, tuna mini, firinta a ƙarƙashin wane sashe take?’”

Ni fa a nan na sara wa mutumin. Mu talakawa in muka taka sahun ɓarawo sai mu tsaya muna inda-inda, muna neman inda za mu sa fuska. Shi cikin daƙiƙa goma ya gano mai laifi, kuma mai laifin tana zaune a gabansa, bai ko sha wahalar aikawa a nemo ta ba. Irin wannan baiwar ce ake biyan su albashin da ake biyan su, ni da ku muna layi muna gunaguni.

Noeleen ba ta bar ta ta sha ba. Ta ce, “Ke ma Glenys da naki. Wata goma sha huɗu, ba ki taɓa buga tebur ba?” Glenys ta juya kofi a hannu ta ce sau biyu ta gwada, sau biyun kuma aka rubuta a takardar auna aikinta cewa tana da ɗabi’ar kawo matsala.

Juma’a ta zo. Da ƙarfe goma aka tara ma’aikata shayin safe, kowa ya kawo farantin abin taɓawa daga gida kamar yadda aka saba. Glenys da hannunta ta toya kek mai kwakwa ta kai, don har lokacin ba wanda ya gaya mata shayin na mene ne. Mai Girma ya ci biyu, ya kaɗe kwakwa daga rigarsa, ya tashi ya yi jawabi. Ya ce Glenys ginshiƙi ce, ya ce iyali ba za su manta da ita ba, ya ce ta zaɓi ta je ta nemi sababbin ƙalubale kuma shi ba zai tare mata hanya ba. Aka tafa. A wurin ta ji labarin zaɓin nata.

Na ga dawowarta da azahar, kwalin kayanta na ofis a hannu ɗaya, farantin da babu komai a ɗayan. Ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Matar nan ita ta riƙa lallaɓa tsohuwar kwamfutar shekara da shekaru har muka riƙa tsallaka kogi ba mu san ana yi ba. Yanzu kullum da safe ina ganinta a bayan gida tana aske ciyawar da ta riga ta aske jiya.

Kujerar dai ba za ta zauna haka ba. In kuka buɗe shafi na tara na jaridar nan da ke hannunku, za ku ga kamfanin yana neman sabon shugaban fasaha. Ana son mai hangen nesa, mai magana irin ta ’yan kasuwa, kuma sama da komai, an ja layi a ƙarƙashinsa, “wanda ba ya tsoron gaya wa Shugaba gaskiya.” Ku daure ku duba tallar ko da ba ku neman aikin, don ta yi kyau matuƙa. Shafi guda cur, kuma mai launi.