Rasuwar Katin da Yake Riƙe da Monita Uku a Shagon Abdulganiyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gaban da bai daina faɗuwa ba tun shekaranjiya, ni Abdulganiyu Mai Awon Gona na bakin kasuwar Makoda nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar katin hoton kwamfutata, wanda masu gyara suke kira girafik kad. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana tsakar aiki, a gaban shaidu tara. Shekararsa shida a hannuna. Shekarun da ya yi a hannun wani kafin ni kuwa, Allah kaɗai Ya sani.

Ga wanda bai san marigayin ba, wani ɗan falle ne mai fanka, bai fi tafin hannu biyu ba, yana zaune cikin akwatin kwamfuta, shi yake bai wa monita uku, wato allunan kwamfuta, hoto lokaci guda. Sana'ata awon gona ce. Idan za a raba gado, ko an samu saɓani kan iyaka, ni nake zagaya gonar da na'ura, in dawo shago in zana. Monitar hagu tana nuna tsohon hoton gonar daga sama, ta tsakiya tana nuna awon da na yi, ta dama kuma sunayen magada da rabon kowa. Kafin zuwansa monita ɗaya gare ni, kuma duk sanda na sauya hoto sai wani ya zabura ya ce in mayar da na ɗazu, me nake ɓoyewa. Daga ranar da marigayin ya shigo shagon nan wannan magana ta mutu, domin kowa yana ganin komai a jere.

Mai haƙuri ne, mai ƙana'a. Bai taɓa cin wutar da ta fi ƙarfin solata ba. Da safe idan na kunna shi zai ce "ƙirrr" sau ɗaya, sannan ya kama "huuu" ɗinsa a hankali har la'asar. Ya raba gonaki fiye da yadda zan iya tunawa, bai taɓa karkata wa mai babbar riga ba.

Jinyarsa ta fara ne da zafin bazarar bana. Fankarsa ta soma tari, "kaf, kaf, kaf". Na buɗe na hure masa datti, ya ɗan samu sauƙi. Daga baya wasu korayen layuka suka riƙa giftawa a monitar hagu suna ɓacewa. Maiɗakina Aina'u ta ce in bar shi ya huta kwana biyu in kai shi a duba. Ban ji ba. Wannan laifina ne, kuma na amsa shi a bainar jama'a.

Ranar Talatar, magadan Alhaji Yuguda ne a shagon, tare da mai unguwa da dattawa. Gonarsu ce ta hanyar Watari. Zubair, ƙaramin ɗa, ya ce mahaifinsu ya ba shi kyautar yankin da ya faro daga gindin kuka zuwa rafi tun yana da rai. Muntaka, yayansa, bai musa kyautar ba, amma ya ce kukar ba a nan take ba, tana can ƙasa kusa da rafin. Ita kuwa kukar an sare ta da daɗewa, ko kututturenta babu. Abin da ya rage shi ne tsohon hoton da ke monitar hagu. Ina cikin matso da shi, inuwar bishiyar ta fara bayyana, kowa ya miƙa wuya, sai marigayin ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, "tsiiit". Monitar hagu ta yi kore, ta yi baƙi. Sauran biyun suka bi ta. Ƙauri ya tashi.

Ba a saka maganar masu rai a sanarwar rasuwa, amma wannan dole in faɗa, don ku san halin da nake ciki. Zubair ya miƙe da fartanyarsa a hannu, ya ce, "Malam Abdulganiyu, ashe da kai aka haɗa baki?" Na rantse masa ba haka ba ne. Muntaka kuma, maimakon ya yi shiru, sai ya yi murmushi. Wannan murmushin ne ya ƙara dagula lamarin. Zubair ya ce da ruwan farko zai shuka gyaɗarsa a wurin, hoto ko babu hoto. Muntaka ya ce, "Ka shuka mana. Ranar sai dai a ɗauko gawar ɗayanmu." Gwaggonsu Hure, tsohuwar da ko tafiya sai da sanda, ita ta riƙe bakin rigar Zubair tana cewa, "Ni za ka fara sara, ɗan nan, ni." Mai unguwa ya yanke cewa a dawo Asabar, kuma a ga hotunan nan uku a jere kamar yadda aka saba, ba ɗaya bayan ɗaya ba.

Tun daga wannan ranar, hadari yake haɗuwa a gabas kullum da yamma. Ni, ɗan manomi, yau ni ne nake duban sama ina fargabar ruwa.

Marigayin ya bar monita uku, dukansu makafi a halin yanzu. Ya bar wayoyin jona monita uku da bakinsu bai yi kama da juna ba, da akwatin kwamfuta wanda Malam Uwaisu mai gyara ya tabbatar min hotunan cikinsa suna nan lafiya. Ya bar ni.

Jiya Laraba na shiga birni neman magajinsa, ni da Malam Uwaisu, kuma ban taɓa sanin zaɓen kati yana sa mutum gumi haka ba. Mai shago na farko ya ɗauko min wani ƙato mai fanka uku da fitilu, irin na samari masu wasan kwamfuta. Malam Uwaisu ya duba ya ce ba zai ma shiga akwatina ba, idan kuma ya shiga zai nemi wutar da za ta durƙusar da inbatar solata, wataƙila ya tafi da kwamfutar gaba ɗaya. Na tuna hoton kukar yana ciki, na ajiye shi kamar na taɓa garwashi. Kati na biyu yana da kafa uku ta saka waya, na yi hamdala, ashe biyu kawai yake iya kunnawa lokaci guda, ta ukun sai an kashe ɗaya. Da ban sa an gwada ba, da ranar Asabar zan gane haka a gaban Zubair. Na uku sabo ne fil a kwali, amma rubutun kwalin daban, sunan da kwamfuta ta karanto daban.

Can wajen la'asar, a wani lungu, muka samu wani ɗan siriri na hannu, ba shi da ado ko kaɗan, an ce daga wani ofis ya fito. Kafa huɗu gare shi ƙanana, kowace sai da 'yar mahaɗa kafin wayata ta shiga, kuma ba ya neman ƙarin wuta. Na sa aka jona masa monita uku, na zauna ina kallonsu awa guda cur, mai shagon yana ta tsaki. Ko ɗaya ba ta ƙifta ba. Shi na ɗauko. Amma a can ne ya yi aiki, da wutarsu da kwamfutarsu. Ga shi nan kan teburina cikin leda, na kasa saka shi ni kaɗai. Sau biyu ina ɗaukar sukudireba ina ajiyewa.

Za a yi jana'izar gobe Juma'a bayan sallar la'asar, a shagona. Malam Uwaisu ne zai ciro gawar, a naɗe ta a leda, a sa ta a kwali, a kai ta saman kantar shagon inda linzamin kwamfuta guda biyu da suka riga shi suke kwance. Nan take za a ɗora magajinsa, kuma ana roƙon duk wanda ya halarta ya tsaya har a kunna, don ina tsoron hannuna ba zai iya danna maɓallin ba.

Zaman karɓar gaisuwa ranar Asabar ne da ƙarfe goma na safe, daidai lokacin da magadan Alhaji Yuguda za su dawo. Ba a buƙatar kowa ya zo da komai. Fartanya, lauje da gatari a bar su a gida, ko a damƙa wa Gwaggo Hure a bakin ƙofa. Benci ɗaya ne a shagon. Muntaka zai zauna a wannan ƙarshen, Zubair a wancan. Ana neman masu ta'aziyya huɗu, majiya ƙarfi, da za su zauna a tsakiya.

Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya kuma nuna mana kukar nan kafin ruwa ya sauka.

Mai sanarwa,
Abdulganiyu Mai Awon Gona, Makoda.